Ƙaramar Fitila a Sansanin Jenin

Akwai wata tatsuniya da marubucin nan Bafalasɗine, Ghassan Kanafani, ya rubuta wa Lamis, ɗiyar 'yar'uwarsa, ya kuma zana hotunanta da hannunsa. Wani sarki ne ya rasu ya bar wa 'yarsa wasiyya cewa ba za ta hau gadon sarauta ba sai ta shigo da rana cikin fada. Gimbiya ta hau tsauni tana neman ta cafko rana, abu ya faskara. Ta dawo ta kulle kanta a ɗaki. Ana nan sai ga wani tsoho da 'yar fitilarsa yana neman a yi masa iso, dogarai suka kore shi. Ya tafi, amma ya bar saƙo: gidan da ya gagari tsoho mai fitila, ta ina rana za ta bi ta shige shi? Gimbiya ta sa aka yi shela, duk mai fitila a ƙasar ya zo. Jama'a suka yi ɗango, ƙofofi suka yi musu kaɗan, sai ta ce a rushe katangun fada. Da mutane suka cika farfajiya, kowa riƙe da tasa, haske ya game ko'ina.

Sunan tatsuniyar Ƙaramar Fitila. Kanafani da Lamis tare suka mutu a Beirut a watan Yulin 1972, lokacin da bam ya tashi da motarsu. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, wasu yara na sansanin 'yan gudun hijira na Jenin, a arewacin Gaɓar Yamma da Kogin Jodan, suka sa rigunan sarauta na wasa suka kwaikwayi wannan labari a wani ɗaki da ke saman wani gida, iyaye da ƙanne sun cika wurin maƙil. An ɗauki hoton bidiyonsu, shi ya sa har yau ana iya ganinsu suna gyara wa juna kaya, suna ƙunshe dariya, suna ɗaga murya yadda aka koya musu. Ba a cika shekara goma ba aka rushe ɗakin, da yawa daga cikin yaran kuma suna kwance a maƙabarta.

Kalmar sansani tana iya ruɗin mai karatu ya zaci tantuna ne. Tantunan sun daɗe da ɓacewa. An kafa sansanin Jenin a 1953 domin Falasɗinawan da yaƙin 1948 ya raba da garuruwansu, akasarinsu daga yankin Haifa da ƙauyukan tsaunin Karmel. Faɗinsa bai kai rabin murabba'in kilomita ba, amma mutum sama da dubu goma ne suka cunkushe a ciki, bene a kan bene, da lunguna irin na cikin birni, inda in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe. Kafin 2025, hukumar UNRWA ta Majalisar Ɗinkin Duniya ita ke riƙe da makarantu da ɗakin shan magani. Filin wasan yara kuwa titi ne. Tun 1967 yankin yake ƙarƙashin mamayar sojojin Isra'ila.

A watan Disambar 1987 boren farko ya ɓarke, wanda duniya ta sani da sunan intifada. Makaminsa dutse ne, mayaƙansa da yawa yara ne. Hukumar soja ta mayar da martani da rufe makarantun Gaɓar Yamma a farkon 1988, suka yi wata da watanni a garƙame. Yaro ba makaranta, ba fili, uba ko yaya na kurkuku, in dare ya yi kuma a fasa ƙofa a shigo da bindigogi. Cikin wannan hali wata dattijuwa ta fara zuwa sansanin ɗauke da takardu da fensira da fenti.

Dattijuwa mai hirami

Arna Mer-Khamis Bayahudiya ce, haifaffiyar Rosh Pina a 1929. Tana budurwa ta shiga rundunar Yahudawa ta Palmach, ta yi yaƙin 1948 a ɓangaren da ya yi nasara, wato ɓangaren da ya mayar da iyayen waɗannan yara 'yan gudun hijira. Daga baya ta juya wa wannan tafiya baya, ta shiga jam'iyyar kwaminis, ta auri Saliba Khamis, Balarabe Kirista kuma jigo a jam'iyyar. Sana'arta koyar da yara masu buƙata ta musamman. Ƙungiyar da ta kafa a zamanin bore, mai sunan da ke nufin kulawa da koyarwa, ta buɗe gidajen yara a Jenin inda ake karatu da zane da wasa, matan sansanin da ta horar su ne malamai.

Da fari ba a yarda da ita ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Shekaru bayan haka yaran da kansu suka gaya wa ɗanta Juliano, suna dariya, cewa sun ɗauka shi da uwarsa 'yan leƙen asiri ne. Abin da ya karya wannan zato ba wa'azi ba ne, zama ne: ta ci abincinsu, ta zauna cikinsu a ranakun dokar hana fita, ta tsaya a shingen sojoji tana yi musu tsawa da yarensu. Fim ɗin da Juliano ya shirya tare da Danniel Danniel, Arna's Children, wato 'Ya'yan Arna, da irin wannan hoton ya fara: ga ta a bakin shinge, ta rufe kanta da hiramin Falasɗinawa saboda maganin ciwon daji ya kakkaɓe mata gashi, tana ihu tana ce wa direbobi su danna oda.

Yadda take aiki da yara shi ne abin da ya fi cancanta a tsaya a kai. Arna ba ta ce wa yaro ya yi haƙuri ya manta. Akwai wani yaro, Ala, da sojoji suka rushe gidansu. Kyamara ta same shi zaune a kan ɓaraguzai, ya yi tagumi, bakinsa ya ƙi buɗewa. Maƙwabcinsa Ashraf shi ne mai baki. Arna ta tara su ta tambaye su ko suna fushi, ta ce to a nuna mata. Ta tsaya a matsayin soja ta bar yaro ya kai mata duka. Ta raba musu takardu su yayyage, sannan ta ba su fenti. Ala, wanda ya kasa magana, ya zana gida da tuta a samansa. Ga mai kallo daga nesa, wannan na iya kama da hura wuta. Ita kuwa a ganinta wutar tana nan tun kafin ta zo, kuma fushin da aka danne a cikin yaro ba mutuwa yake ba, ruɓewa yake. Gara ya fito da shi a ɗaki, a gaban babba, ya ga siffarsa, ya sa masa suna.

Ba kullum ake fushi ba. A wani wuri za ka ga yara sun zama dabbobi suna rarrafe suna gurnani. A wani wurin suna kwaikwayon malaminsu na Turanci, da muzurai da marin ɗalibai, sauran suna faɗuwa don dariya. Duk wanda ya yi tashe yana yaro ya san wannan daɗin. In azumi ya kai goma, ka liƙa gemun auduga ka ranƙwafa ka zama tsoho, ko ka zama maigida kana ba amarya umarni, manya na kallo suna dariya, alhali su ake kwaikwaya. Na ɗan wani lokaci yaro ne ke riƙe da magana, babba kuwa sauraro ne nasa. Bambancin kawai shi ne, mu ana sallamarmu da tsaba ko 'yan kwabbai mu ƙara gaba, su kuwa yaran Jenin in sun fito daga ɗakin wasa motar soja suke tararwa a bakin lungu.

A 1993 aka ba Arna lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, wadda ake wa laƙabi da kishiyar Nobel. Kuɗin da suka zo da lambar ta zuba su a ginin gidan wasa. Fili ne babu, sai wata bazawara mai 'ya'ya da yawa, Samira Zubeidi, ta ba da saman gidanta. Nan aka kafa dandamali da labule da fitilu, aka sa wa wurin suna Masrah al-Hajar, Gidan Wasan Dutse, domin tunawa da duwatsun bore. Juliano, wanda a lokacin sanannen ɗan wasa ne a finafinai da dandamalin Isra'ila, shi ya zama mai horar da yaran. A nan aka yi Ƙaramar Fitila. A nan ne Ashraf, mai yawan murmushi, ya ce burinsa ya zama Romeo na Falasɗinu. Cikin yaran akwai 'ya'yan matar gidan, har da wani mai suna Zakariya, wanda tun yana ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu harsashin soja ya illata masa ƙafa.

Arna ta rasu a watan Fabrairun 1995. Kafin rasuwarta an kai ta sansanin ta yi bankwana, mata suna rungumarta suna kuka. Bayanta gidan wasan bai daɗe ba ya mutu. Zamanin yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa ne, kowa na cewa zaman lafiya ya zo, Juliano ya koma harkarsa, yara suka girma.

Ina yaran suka shiga?

Bore na biyu ya tashi a ƙarshen 2000, kuma wannan karon ba na dutse ba ne. Yusuf, wanda a gidan wasa shi ne sarkin barkwanci, ya zama ɗan sandan hukumar Falasɗinu. A watan Oktoban 2001 harsashin tankar yaƙi ya faɗa wata makaranta a Jenin, ya shiga ya ɗauko wata ƙaramar yarinya, ta cika a hannunsa. Kwanaki kaɗan bayan haka shi da wani abokinsa suka shiga mota suka nufi garin Hadera a cikin Isra'ila, suka buɗe wuta a kan titi, suka kashe mata huɗu, su ma aka harbe su nan take. A watan Maris na 2002 wani sojan Isra'ila ya harbe Samira Zubeidi, matar da ta ba da saman gidanta. A ƙarshen watan wani ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe mutum 30 a wani otal a Netanya, sai sojojin Isra'ila suka afka wa biranen Gaɓar Yamma. Yaƙin da aka yi a sansanin Jenin a watan Afrilu ya ci aƙalla Falasɗinawa 52 bisa ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch, da sojojin Isra'ila 23. Katafiloli suka baje tsakiyar sansanin, dubban mutane suka rasa matsuguni. Gidan Wasan Dutse na cikin abin da ya tafi. Ashraf ya mutu yana yaƙi. Taha, ɗan Samira, shi ma ya mutu. Ala, yaron da ya zana gida da tuta, ya zama kwamandan mayaƙa, aka kashe shi a watan Nuwamba, makonni biyu bayan an haifa masa ɗa. Zakariya ne ya gaje shi, ya zama ɗaya daga cikin mutanen da Isra'ila ta fi nema, tana tuhumarsa da hannu a hare-haren da suka kashe fararen hula.

Juliano ya koma sansanin da kyamara bayan yaƙin, ya haɗa sababbin hotuna da tsofaffin da ya ɗauka tun suna yara. Fim ɗin ya ci kyauta a bikin finafinai na Tribeca a birnin New York a 2004. Abin da ke sa kallonsa nauyi shi ne yadda ake nuna maka yaro yana tsalle a dandamali, sai a yanke a nuna maka hotonsa manne a bango da bindiga a hannu.

Daga nan ne muhawara ta taso, kuma har yau ba ta mutu ba. Wasu sun ce ga shi nan, Arna ƙiyayya ta shuka, abin da ya tsiro ke nan. Wasu kuma, musamman masu rubuta takardun neman tallafi, sun fi son labarin da zai ce wasan kwaikwayo yana cire bindiga daga hannun yaro ya sa masa littafi, don haka wannan fim bai yi musu daɗi ba. A ganina duka biyun sun ɗora wa dandamali kayan da ba zai iya ɗauka ba. Awa nawa yaro yake yi a ɗakin wasa a mako? Sauran awannin fa, a hannun wa yake? Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma ba hannu ɗaya ne ke tanƙwarawar ba, kuma hannun Arna ba shi ne mafi ƙarfi a Jenin ba. Ba wasa ne ya kai Yusuf Hadera ba, kuma wasan bai hana shi zuwa ba. Matan nan huɗu da ya kashe su ma 'ya'yan wasu ne, iyayen wasu ne, kuma barkwancinsa na yarinta ba ya wanke wannan jini. Abin da gidan wasan ya yi ƙarami ne, amma ya tabbata: ya ba waɗannan yara wasu 'yan shekaru da aka tafa musu saboda abin da suka iya, ya kuma bar shaidar da ta hana a ce haka aka haife su.

Zakariya yana da nasa ƙorafin, wanda ya sha faɗa wa 'yan jarida. Ya ce Isra'ilawa masu rajin zaman lafiya da yawa sun shiga gidansu a zamanin Arna, sun ci girkin mahaifiyarsa, sun kwana a ɗakunansu, amma da aka kashe ta ba wanda ya ɗaga waya ya yi masa ta'aziyya. Duk da haka, da ya tashi neman abin da zai bar wa yara masu tasowa, gidan wasan ya tuna.

Komawa dandamali

A 2006 Juliano da Zakariya, tare da wasu abokai biyu masu alaƙa da Suwidin, Jonatan Stanczak da Dror Feiler, suka buɗe sabon gida a cikin sansanin, Masrah al-Hurriya, Gidan Wasan 'Yanci. Shekara guda bayan haka Zakariya ya ajiye makami a ƙarƙashin wata afuwa da Isra'ila ta yi wa wasu mayaƙan ƙungiyar Fatah ta Falasɗinawa. Juliano kuwa ya tare a Jenin. Mutum ne mai zafin kai da kaifin harshe, wanda ya taɓa zama sojan laima a rundunar Isra'ila, kuma yakan ce shi Bafalasɗine ne ɗari bisa ɗari, Bayahude ɗari bisa ɗari. Ba ya son a kira aikinsa jinƙai ko jinya. A faɗarsa, bore na gaba da waƙa da wasa da kyamara za a yi shi.

Aikin yau da kullum dai na yara ne. Ana farawa da wasannin sakin jiki da na murya, a koya wa yaro yadda zai tsaya ya dubi mutane ido cikin ido, yadda zai jira abokinsa ya gama magana kafin ya karɓa, yadda zai faɗi ba tare da ya ji ciwo ba. Akwai ajin ɗaukar hoto, da na shirya fim, da na rubutu, da wasannin barkwanci da na tsalle-tsalle. A 2008 aka ƙara makarantar koyon wasa ta shekara uku ga matasa. In an shirya wasa, yaran sansani da na ƙauyukan kewaye sukan cika kujeru, da yawansu ba su taɓa ganin an kashe fitila an buɗe labule ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban taron yara ya san ba su iya kara ba: in wasa bai yi ba, surutu zai gaya maka, in ya yi, za ka ji ɗaki ya yi tsit.

Sai dai wannan karon gaba kura ce, baya sayaki. Jenin gari ne mai riƙo da al'ada, kuma ganin saurayi da budurwa a dandamali ɗaya bai kwanta wa mutane da yawa ba. Iyaye sun sha janye 'ya'yansu mata ana tsakiyar shiri. An rarraba takardu a sansanin ana zargin gidan da lalata tarbiyya. Mai karatu a Kano ko Damagaram ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Ya san kallon da ake yi wa yarinyar da aka ce 'yar wasan kwaikwayo ce, ya kuma san cewa ba duk uban da ya hana ba ne mugu, wani tsoron bakin duniya ne kawai. Juliano bai iya lallashi ba, kuma ina ganin da ya iya, da wasu ƙofofin sun buɗe masa cikin sauƙi. Amma ba don lallashi ya zo ba.

A 2009 ɗaliban suka fito da wasan da ya tayar da ƙura, wanda aka ɗauko daga littafin George Orwell, Animal Farm. Masu karatun Hausa sun san shi da sunan Gandun Dabbobi, fassarar Bala Abdullahi Funtuwa ta 1975: dabbobi sun kori mai gona, aladu sun karɓi mulki, sannu a hankali suka zama irin wanda suka kora. A Jenin, juyin da dabbobin suka yi intifada aka kira shi, mutanen da aladu suka koma ƙulla hulɗa da su a ƙarshe kuma Ibrananci suke yi. Ba wanda ya buƙaci a fassara masa cewa da shugabannin hukumar Falasɗinu ake. Ga kuma batun sa ɗan Musulmi ya fito a alade. A wannan shekarar an yi yunƙurin cinna wa gidan wuta. A farkon 2011 suka sake taɓo wani wurin mai ciwo da Alice in Wonderland, inda suka mayar da Alice yarinyar da ta gudu daga auren dole.

Ranar 4 ga Afrilun 2011, Juliano ya fito daga gidan wasan ya shiga motarsa, jaririnsa na kan cinyarsa, mai rainon yaron na gefe. Wani mutum da ya rufe fuska ya tsayar da shi ya ɗirka masa harsasai. Yana da shekara 52. Jaririn ya tsira, mai rainon ta ji rauni. Shekaru kafin haka ya taɓa faɗa a gaban kyamara, cikin raha, cewa ajalinsa na hannun wani Bafalasɗine da zai fusata da abin da yake koya wa matasa. Hukumomin Falasɗinu sun yi bincike, na Isra'ila ma sun yi, ba a hukunta kowa ba. An binne shi a Ramot Menashe, kusa da kabarin mahaifiyarsa.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙarshen ke nan, kamar yadda aka yi bayan Arna. Ba haka ta kasance ba, kuma dalilin shi ne wannan karon an riga an yaye ɗalibai. A watannin da suka biyo baya sojojin Isra'ila sun sha kai samame suna kama ma'aikata da ɗalibai da sunan bincike. A 2012 hukumar Falasɗinu ta tsare Zakariya na wasu watanni. Amma ɗaliban sun kammala wasan da suka ɗauko daga Waiting for Godot na Samuel Beckett, labarin mutum biyu da ke jiran wanda ba ya zuwa, suka kai shi Amurka a shekarar da aka kashe malaminsu. Nabil al-Raee ya karɓi ragamar shirya wasanni. A 2015 suka zagaya Birtaniya da The Siege, a kan ƙawanyar da aka yi wa Cocin Haihuwar Annabi Isa a Baitalami a 2002. Suka kuma ƙirƙiro wata motar safa da ke bin ƙauyuka, inda ɗan kallo zai tashi ya ba da labarin abin da ya same shi, 'yan wasa su kwaikwaya masa nan take a gaban jama'arsa.

In ana neman wanda rayuwarsa ta bi hanyar da ta saɓa wa ta Ashraf, Ahmed Tobasi ne. Ɗan sansanin ne, ya ɗauki makami yana matashi, aka kama shi bayan yaƙin 2002 yana ɗan shekara 17, ya yi shekara huɗu a kurkuku. Da ya fito ya faɗa hannun Juliano, daga baya ya tafi ƙasar Nowe ya ƙaro ilimin wasa, ya dawo gida. An mayar da tarihinsa wasan mutum ɗaya, And Here I Am, wanda marubuci ɗan asalin Iraƙi Hassan Abdulrazzak ya rubuta, shi Tobasin da kansa yake fitowa a ciki tun 2017. Daga bisani ya zama shugaban sashen wasanni na gidan. Masu son labari mai daɗin ƙarshe sukan tsaya a nan. Sai dai tsakanin Tobasi da Ashraf ba wani bambancin hazaƙa ko tarbiyya. Ɗaya kama shi aka yi, ɗaya kashe shi aka yi.

Kuma ko a zamaninsa yaran gidan ba su tsira ba. A watan Nuwamban 2022 sojoji suka harbe wani ɗan shekara 17 a kan hanyarsa ta zuwa makaranta, yaron da ya taso a gidan wasan har ya fara taya horar da ƙananan. A watan Yunin 2023 wata yarinya 'yar shekara 15 da ke halartar shirye-shiryen gidan ta rasu bayan harsashi ya same ta a kai lokacin wani samame. A watan Disambar wannan shekarar, ana tsakiyar yaƙin Gaza, sojoji suka shiga ginin suka farfasa ofisoshi, suka yi rubuce-rubuce a bango, suka bi gida-gida suka kama Tobasi da babban manajan gidan, Mustafa Sheta. An saki Tobasi bayan kwana guda. Sheta kuwa aka sa shi a irin tsarewar nan da ba tuhuma ba shari'a, wadda ake sabunta wa'adinta duk bayan 'yan watanni.

Shi kuwa Zakariya, Isra'ila ta sake kama shi a 2019. A watan Satumban 2021 shi da wasu fursunoni biyar suka haƙa rami suka tsere daga kurkukun Gilboa, aka sake cafke shi bayan kwana biyar. Yana tsare jirgi mara matuƙi ya kashe ɗansa Muhammad a watan Satumban 2024. An sake shi ranar 30 ga Janairun 2025 a musayar fursunoni da aka yi ƙarƙashin tsagaita wutar Gaza, yana da shekara 49.

Kwana tara kafin fitowarsa, ranar 21 ga Janairu, sojojin Isra'ila sun fara wani babban farmaki a sansanin Jenin, wanda daga baya ya haɗa da na Tulkarem da Nur Shams. UNRWA ta ce kimanin mutum 40,000 ne suka bar gidajensu a sansanonin arewacin Gaɓar Yamma. Ranar 23 ga Fabrairu tankokin yaƙi suka shiga Jenin, karo na farko tun 2002, ministan tsaron Isra'ila, Israel Katz, ya ce ba za a bar mazauna sansanonin su koma ba. Yaran da ke zuwa gwajin wasa sun warwatsu a gidajen dangi da ɗakunan haya a cikin gari da ƙauyuka. Ginin Gidan Wasan 'Yanci yana cikin sansanin.